Daga Ƙudiri Zuwa Doka: Kada Mu Yi Ihu Bayan Hari

Wata safiyar Laraba cikin watan Afrilun 2024 ina zaune a bencin mai shayin unguwarmu, ya tsiyaya mini ruwan zafi ke nan yana yanka burodi, sai wani direban Keke Napep ya kunna mana saƙon murya daga wayarsa. Mai maganar yana rantsuwa cewa Turawan Ingila sun haramta sigari, doka ta fito jiya. Mai shayi ya dubi ɗan tiren da yake jera kwalayen taba da ashana a gefen tebur, ya ce, "Shi ke nan, Alhaji, gobe namu za su kwaikwaya." Aka yi ta muhawara har shayina ya huce.

Abin da ya faru a Landan ranar 16 ga Afrilu ya sha bamban da labarin da ya iso bencinmu. Gwamnatin Rishi Sunak ta kai ƙudirin da zai hana sayar da taba ga duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 2009 zuwa sama, majalisar wakilai kuma ta yarda da shi a karatu na biyu da ƙuri'a 383, masu adawa 67. Makonni biyar bayan haka Sunak ya tsaya cikin ruwan sama a ƙofar gidan firaminista ya sanar da ranar zaɓe. Aka rushe majalisa, ƙudirin ya mutu a hanya duk da wannan rinjaye. Sai da sabuwar gwamnati ta sake kawo shi a watan Nuwamba, aka faro daga tushe.

Irin wannan ruɗani kullum muna cikinsa, kuma harshenmu ma yana da hannu a ciki. Kalma ɗaya, ƙudiri, muke amfani da ita ga abubuwa biyu. Akwai wanda ɗan majalisa zai miƙe ya nemi a yi kira ga gwamnati ta gyara gada ko ta binciki wata ma'aikata. Wannan matsaya ce kawai, ba ta ɗaure kowa, minista yana iya jefa ta a aljihun tebur. Akwai kuma ƙudirin doka, rubutacciyar takarda mai sashe-sashe, wadda idan ta kai ƙarshen tafiyarta ɗan sanda zai iya kama mutum da ita. Idan rediyo ta ce "majalisa ta amince da ƙudiri", tambayar farko ita ce: wanne daga ciki? Ta biyu: a wane mataki?

A tsarin firaminista irin na Birtaniya, gwamnati a cikin majalisa take zaune. Jama'a suna zaɓen wakilai 650, jam'iyyar da ta samu rinjaye ita ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama firaminista, ministocinsa kuma 'yan majalisa ne da ke zama a bencin gaba suna amsa tambayoyi baki da baki. Saboda haka yawancin dokoki daga gwamnati suke fitowa, kuma da wuya su faɗi, domin kowace jam'iyya tana da masu tsawatarwa, waɗanda muke kira bulaliyar majalisa, aikinsu su tabbatar kowa ya jefa ƙuri'a inda aka ce. Ranar da firaminista ya kasa riƙe mutanensa, kujerarsa ce ke rawa. A watan Maris na 1979 gwamnatin James Callaghan ta faɗi da bambancin ƙuri'a ɗaya tak, 311 da 310.

Mu ɗauki ƙudiri guda mu bi sawunsa, wanda masu sauraron labaran duniya ba su manta da shi ba: na tura masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Ranar 15 ga Nuwamban 2023 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci cewa shirin ya saɓa wa doka, domin babu tabbacin Ruwanda ba za ta mayar da mutanen ƙasashen da suka gudo daga cikinsu ba. Gwamnati ta ce to, bari majalisa ta rubuta a doka cewa Ruwanda ƙasa ce mai aminci.

Ranar 7 ga Disamba aka yi karatu na farko. Sunan ya fi aikin girma: akawun majalisa ne ke karanta taken ƙudirin, a ba da umarnin buga shi, ba muhawara, ba ƙuri'a. Duk wanda ya ce maka doka ta wuce don an yi mata karatun farko, bai san majalisa ba. Karatu na biyu shi ne ranar kokawa, inda ake tafka muhawara kan manufar ƙudirin gaba ɗaya. An yi shi ranar 12 ga Disamba, gwamnati ta tsallake da 313, masu adawa 269. Yadda suke ƙuri'ar ma abin kallo ne. Ana kaɗa ƙararrawa, 'yan majalisa su tashi da ƙafafunsu, masu "e" su bi wani soro, masu "a'a" su bi wani, ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, sunan kowa ya shiga kundi. Gobe mutumin mazaɓa zai iya duba inda wakilinsa ya bi.

Daga nan sai matakin kwamiti, kuma a ganina nan ne doka take samun kamanninta na gaskiya, nan ne kuma jama'a suka fi yin sakaci. Ana bin ƙudirin layi bayan layi. Wani zai ce a cire "zai iya" a sa "dole ne". Wani ya ce tarar ta yi yawa. Wani ya nemi a keɓe yara ko marasa lafiya. Kalma guda a nan tana iya zama bambancin gargaɗi da gidan yari. A galibin ƙudirori ana naɗa ƙaramin kwamiti, wanda ke karɓar takardun ra'ayi daga ƙungiyoyi, masana, da duk ɗan ƙasar da ya ga dama ya rubuta. Ƙudirin Ruwanda kuwa, saboda nauyinsa, majalisar gaba ɗaya ce ta zauna a matsayin kwamiti a tsakiyar Janairun 2024. Wasu 'yan jam'iyyar gwamnati sun so a ƙara masa tsauri, ba su yi nasara ba. Ranar 17 ga Janairu aka yi karatu na uku, ya wuce da 320 da 276, goma sha ɗaya daga cikin 'yan jam'iyya mai mulki suka juya wa firaministansu baya.

Har yanzu bai zama doka ba. Sai ya je majalisar dattawa, wadda ba zaɓen membobinta ake yi ba. Yawancinsu naɗa su ake yi, tsofaffin ministoci, manyan lauyoyi, likitoci, janar-janar masu ritaya, har da limaman cocin Ingila. Su ma za su yi nasu karatun uku da nasu kwamitin. Dattawan suka dage kan gyare-gyare, ciki har da cewa kada a tura 'yan Afghanistan da suka yi wa sojojin Birtaniya aiki. Wakilai suka cire gyaran suka mayar musu, su kuma suka sake sawa suka dawo da shi. Turawa da kansu suna kiran wannan kai-komo wasan ƙwallon tebur. An yi ta buga shi makonni, har tsakar daren 22 ga Afrilu, sannan dattawan suka sassauta. Sun san iyakarsu: dokokin 1911 da 1949 sun bar musu ikon jinkirta ƙudiri na kimanin shekara guda ne kawai, na kuɗi kuwa wata ɗaya. Da haka aka bi ta kansu a 2004 wajen dokar hana farautar yanyawa da karnuka.

Ranar 25 ga Afrilu Sarki Charles ya ba da amincewarsa. Mutanenmu kan ɗauka nan ne wuƙa da nama suke, alhali sarki ba ya ƙin abin da majalisa ta zartar. Rabon da wani mai sarautar ƙasar ya ƙi amincewa da ƙudiri tun 1708, zamanin Sarauniya Anne, kusan shekara ɗari kafin jihadin Shehu Usmanu.

To, doka ta tabbata, sai me? Ko jirgi ɗaya bai tashi da waɗanda aka tilasta ba. Aka yi zaɓe ranar 4 ga Yuli, Keir Starmer ya hau kujerar firaminista, ya ce shirin ya mutu an binne shi. Wata dokar ma takan samu sa hannu ta kwanta tana jiran minista ya sanar da ranar fara aiki da ita. Tun 1928 majalisar Birtaniya ta yi dokar tsayar da ranar bikin Ista wuri ɗaya, har yau ba a fara aiki da ita ba.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Da shi muka karɓi 'yancin kai a 1960: Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ɗan majalisa ne kafin ya zama firaminista, a Kaduna kuma Sardauna yana zama cikin majalisar wakilan Arewa, ga majalisar sarakuna a gefe tana duba abin da aka zartar. Juyin mulkin 15 ga Janairun 1966 ya kawo ƙarshensa, a 1979 muka koma tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. A watan Fabrairun 2024 wasu 'yan majalisar wakilai su 60 suka gabatar da ƙudirin komawa tsohon tsarin, kuma a ranar ma na ji masu cewa an soke kujerar shugaban ƙasa. Karatun farko ne kawai aka yi.

Matakan da majalisarmu ta Abuja ke bi gadon wancan tsari ne: karatu uku, kwamiti, sannan ɗaya majalisar. Bambancin yana ƙarshe. Shugaban ƙasarmu ba sarkin Ingila ba ne, yana iya ƙin sa hannu. Sashe na 58 na tsarin mulkin 1999 ya ba shi kwana 30, idan ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa suna iya zartar da dokar ba da shi ba, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Tafiyar kuma takan yi tsawo. Ƙudirin gyaran harkar man fetur ya shiga majalisa a 2008, sai Agustan 2021 Buhari ya rattaba masa hannu.

Mun kuma ga amfanin magana a kan lokaci. Ƙudirin taƙaita kafofin sada zumunta ya tsallake karatu na biyu a majalisar dattawa a watan Nuwamban 2019. Da aka zo zaman jin ra'ayin jama'a a watan Maris na 2020, 'yan jarida da lauyoyi da ƙungiyoyi suka cika zauren, mafi yawansu suka ce ba su yarda ba. Wa'adin majalisar ya ƙare a 2023 bai zama doka ba. Waɗanda suka je suka yi magana a lokacin da takarda ke hannun kwamiti su ne suka tare shi. Mu kuwa al'adarmu ita ce mu yi shiru har a sa hannu, sannan mu cika gidajen rediyo da kuka.

Don haka, ɗan'uwa mai karatu, idan saƙo ya shigo wayarka cewa an yi sabuwar doka, dakata kafin ka tura wa wani. Bincika ko matsaya ce ko ƙudirin doka, karatu na nawa aka yi, a wace majalisa, an sa hannu ko ba a sa ba, yaushe za ta fara aiki. Idan ka tarar tana gaban kwamiti kuma ta shafi sana'arka, ku haɗu da 'yan ƙungiyarku, ta 'yan kasuwa ce, ta manoma ko ta direbobi, ku rubuta abin da kuke so a gyara ko da shafi ɗaya ne, ku kai ofishin wakilinku na mazaɓa, ku karɓi shaidar cewa an karɓa. Ranar da aka kaɗa ƙuri'a kuma, ku tambaye shi ɓangaren da ya bi.