Garantin Mota da Rikicin Sanya wa Lahani Suna: Darasi daga Giyabos ɗin PowerShift

1.0 Gabatarwa

Garanti alkawari ne da kamfanin ƙera mota yake ɗauka na gyara duk lahanin da ya samo asali daga masana'anta, cikin wani ƙayyadadden lokaci. A Amurka, kamfanoni irin su Ford da Toyota kan ba da shekara 3 ko mil 36,000 ga ɗaukacin mota, sai kuma shekara 5 ko mil 60,000 ga sassan da ke haifar da ƙarfi da isar da shi ga tayoyi, wato inji da giyabos da aksul. Wannan maƙala ta nuna cewa ƙimar alkawarin ta rataya ne a kan sunan da aka sanya wa matsalar a rubuce.

2.0 Matsayin Dila

Dilan da ke gyaran garanti yana tsakanin masu iko biyu. Mai mota ne ke kawo kuka, amma kamfani ne ke biyan kuɗin aiki, bisa adadin sa'o'in da ya yanke wa kowane gyara. Idan bakanike ya ɓata yini yana farautar matsalar da ke zuwa tana ɓacewa, ba lallai ne a biya shi wahalarsa ba. Don haka akan rufe takardar aiki da cewa ba a ga matsalar ba, ko kuwa haka motar take aiki. Bambancin "lahani", "ɗabi'ar mota" da "sakacin mai ita" shi ke tantance wanda zai ɗauki asara.

3.0 Misalin PowerShift

Ford ya sanya wannan giyabos mai busasshen kuloci biyu a ƙirar Fiesta daga 2011 da Focus daga 2012. Masu motocin sun yi ta ƙorafin karkarwa da fizga yayin tashi. Ɗaya daga cikin musabbaban shi ne yoyon mai da ke jiƙa kulocin da aka ƙera domin ya zauna a bushe. Da yawansu an shaida musu cewa ɗabi'ar giyar ce. A 2014 kamfanin ya tsawaita garantin kuloci zuwa shekara 7 ko mil 100,000. A 2018 kuma wata kotun tarayya a Ostareliya ta ci tarar reshen kamfanin dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya tafiyar da koke-koken abokan cinikinsa.

4.0 Kariyar Doka

Dokar Magnuson-Moss ta 1975 ta hana kamfani a Amurka gindaya sharaɗin cewa sai an yi sabis a wurin dilansa kafin garanti ya ci gaba, sai fa idan kyauta zai yi. Haka nan jihohi suna da dokokin da ke tilasta karɓar mota ko musanya ta idan gyara ya ci tura bayan yunƙuri da dama. Connecticut ce ta fara kafa irinsu a 1982. Sai dai duk dokokin nan hujja suke nema: rasit ɗin canjin baƙin mai, da takardar kowace ziyara mai ɗauke da kwanan wata, da adadin tafiyar mota, da koken mai ita kamar yadda ya furta shi. Ziyarar da ba a rubuta ba tamkar ba a yi ta ba ce.

5.0 Kammalawa

Motocin da suka tsufa a Amurka da yawansu kan ƙare a kasuwannin Nijeriya, a lokacin da garantinsu ya daɗe da ƙarewa, takardunsu kuma sun ɓace. Lahanin da aka ƙi kira da sunansa a can, mai saye a Kano ko Kaduna ne zai biya kuɗinsa a gareji.