Iskar Turkana da Wayar da Ta Makara

A gundumar Marsabit ta arewacin Kenya, daura da Tafkin Turkana, iska na kutsowa ta tsakanin tsaunukan Habasha da na Kenya, tana kaɗawa kusan duk shekara ba dare ba rana. Nan aka kafa manyan fankoki 365 masu ƙarfin megawat 310, tashar lantarkin iska mafi girma a Afirka lokacin da Shugaba Uhuru Kenyatta ya ƙaddamar da ita a watan Yulin 2019. Yau tana ba Kenya fiye da kashi 10 cikin 100 na wutarta. Sai dai wanda ya tsaya kallon fankokin kaɗai zai rasa darasin, domin a ƙasashe irin namu kafa fanka shi ne mafi sauƙin aikin.

An gama girke su tun farkon 2017, bayan an gyara hanya mai tsawon kilomita 200 da ɗoriya don manyan motoci su iya shigo da kayan. Amma layin dakon wutar zuwa Suswa, mai fiye da kilomita 400, wanda ke wuyan gwamnati, bai kammala ba, saboda kamfanin Sifaniya da aka ba kwangilar ya karye. Fankokin suka yi tsaye cirko-cirko a cikin hamada har Satumban 2018, ga iska tana wucewa a banza, ga yarjejeniya ta tilasta wa Kenya biyan kuɗin wutar da babu gidan da ya gan ta. Ba nan kaɗai gizo ke saƙa ba: a 2021 kotu a Meru ta soke takardun mallakar filin, bayan makiyayan yankin sun kai ƙarar cewa an ba da makiyayarsu ba bisa ƙa'ida ba.

Masu suka kan ce iska ba ta da alkawari, yau ta zo gobe ta ɗauke. Da gaskiyarsu, amma Kenya na da abin cike giɓi: tururin ƙarƙashin ƙasa na Olkariya da madatsun kogin Tana, kuma lokacin fari, sa'ad da ruwan madatsu ya ja baya, iskar ce ke rage ƙona man dizal mai tsada. Sukar ta fi kama ƙasar da babban layinta ke yawan durƙushewa, wato dai maganar waya ce aka sake dawowa kanta.

Mu ma mun ɗanɗana. Tashar Lambar Rimi a Katsina, mai fankoki 37 da megawat 10 kacal, ta haura shekara goma ana jan ƙafa, har da sace injiniyan Faransa da ke aikin a Disambar 2012. Iskar ƙasar Hausa ba ta kai ta Turkana ba, rana ce jarinmu babba, don haka duk gwamnan da ke sha'awar fankoki ya fara auna iskar wurin na shekara guda cur, ya daidaita da masu gonaki, ya kuma tabbatar wayar za ta riga fankar isowa.