Tabon da Ke Daidaita Bugun Zuciya

Ranar 25 ga Satumba, 1987, a asibitin Barnes da ke birnin Sen Luwis na Amurka, likitan tiyata James Cox ya buɗe ƙirjin wani majinyaci, ya tsattsaga bangon ɗakunan sama na zuciyarsa bisa wani tsari da ya daɗe yana gwadawa a kan karnuka, sannan ya mayar ya ɗinke. Tabo ya shiga yi da gangan, domin tsokar da ta yi tabo ba ta barin lantarki ya ratsa ta.

Ciwon da ya je yaƙa shi ne karkarwar zuciya, wanda likitoci ke kira atiriyal fibirileshan. Zuciya ɗaki huɗu gare ta, biyu a sama, biyu a ƙasa. A jikin mai lafiya, wani ɗan ƙulli a ɗakin sama na dama ne ke ba da umarnin bugu, sau 60 zuwa 100 a minti. Idan ciwon ya kama, sai saƙonnin lantarki su ɓarke ta ko'ina, fiye da 300 a minti, ɗakunan sama su daina matsa jini su koma makyarkyata. Wanda ya ɗora yatsa a wuyan hannun mai ciwon zai ji bugu biyu a jere, sai shiru, sai uku a guje, babu tsari. Majinyaci kan ce gabansa na faɗuwa, ko numfashi na yanke masa in ya ɗan yi tafiya.

Idan karkarwar ta wuce kwana bakwai ba ta tsaya ba, ana ce mata mai naci. Haɗarinta mafi girma shi ne jinin da ke kwanciya a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu. Can yake daskarewa ya zama guda, gudan ya ɓalle ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai wannan ciwo ya fi sauran mutane haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan ninki biyar.

Dabarar Cox ta yi kama da lungunan tsohon birni. Layukan tabo suna zama katangu, su bar wa saƙon gaskiya hanya ɗaya tak daga sama zuwa ƙasa, duk saƙon da ya so kewayawa kuma ya ci karo da bango. Aikin ya yi tasiri, amma yana da tsawo da wuya, likitoci kaɗan ne suka iya shi. Daga 2002 Ralph Damiano da abokan aikinsa a Sen Luwis suka sauƙaƙa shi: maimakon yanka da ɗinki, sai a zana layukan da zafin lantarki ko da matsanancin sanyi. Kafin nan, a 1998, Michel Haïssaguerre na birnin Bodo a Faransa ya gano cewa galibin saƙonnin da ke tayar da karkarwar daga bakin jijiyoyin huhu suke fitowa. Wannan ya buɗe hanyar ƙona wurin da siririn bututu da ake zurawa ta jijiyar matsematsi, ba tare da an buɗe ƙirji ba.

To, wa ya kamata ya kai ga wuƙa? Ba da tiyata ake farawa ba. Ana fara ba da maganin rage gudun zuciya da na tsinka jini, a gwada dawo da bugun da jan lantarki, sau da yawa a gwada bututu. Sai dai bututun ya fi cin nasara a kan karkarwa mai zuwa ta tafi. Mai naci ta riga ta buɗa ɗakin ta sauya tsokarsa, don haka takan dawo.

Wanda tiyatar ta fi dacewa da shi shi ne wanda dama za a buɗe ƙirjinsa don gyaran bawul, wato ƙyauren da ke hana jini komawa baya a cikin zuciya, ko gyaran jijiyar zuciya. Wannan ya shafi ƙasashen Afirka sosai, inda ciwon maƙogwaro na yarinta da ba a yi wa magani ba ke lalata bawul ɗin da ke tsakanin ɗakunan hagu, ɗakin sama ya kumbura, karkarwa ta kama matashi ko matar da ke tsakiyar shekarun haihuwa. Wani bincike da aka buga a 2015 ya bi majinyata 260 masu karkarwar da aka yi wa aikin wannan bawul a Amurka da Kanada. Bayan shekara guda, kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka haɗa musu da layukan tabo sun rabu da karkarwar, sauran kuwa kashi 29 ne kawai. Amma binciken ya nuna illar aikin ma: buƙatar dasa na'urar daidaita bugu ta ninka fiye da sau biyu a rukunin farko. Akwai kuma haɗarin zubar jini, ciwon ƙoda da shigar ƙwayoyin cuta. A lokacin aikin akan rufe ɗan aljihun nan, kuma wani babban bincike na 2021 ya nuna hakan na rage shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Jinya ita ce inda mutane da yawa ke karaya. Majinyaci kan farka a ɗakin kulawa ta musamman da robobi a ƙirji suna fitar da ruwa. Washegari ma'aikatan jinya za su zaunar da shi, su miƙa masa matashi ya rungume a ƙirji kafin ya yi tari, don kada majina ta taru a huhu. Yawanci ana sallama cikin mako guda ko kwana goma. Ƙashin ƙirji na ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, don haka babu ɗaukar bokitin ruwa, babu tuƙi, sallah ma a zaune ta fi sauƙi a makonnin farko. Tattaki kuwa kullum ne, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne karkarwar ta dawo a makon farko ko na biyu, majinyaci ya ɗauka wahalar banza ya sha. Zuciyar ce ke kumbure, tabon kuma bai nuna ba. Likitoci ba sa yanke hukunci sai an wuce wata uku, kuma a wannan tsakanin sukan ba da magani irin su amiyodaron. Maganin tsinka jini ma ba a dainawa don kawai bugu ya daidaita. Wanda aka saka wa bawul na ƙarfe zai sha irin wannan magani, wato wafarin, har ƙarshen rayuwa, yana zuwa gwajin jini a kai a kai, yana cin ganye irin alayyahu daidai yadda ya saba, tunda yawansa ko ƙarancinsa kwatsam na sauya ƙarfin maganin.

Bayan wata shida, sannan bayan shekara, akan manna masa ƙaramar na'ura a ƙirji ya koma gida da ita, ta naɗi kowane bugu na kwana ɗaya ko fiye, domin karkarwa na iya dawowa ba tare da mai ita ya ji komai ba. Da wannan naɗin ne likita zai zauna da majinyaci su duba wane magani za a ajiye, wanne kuma za a ci gaba da sha.