Mece ce gaɓar kalma?

A lokacin jarrabawar NECO, ɗaliban Hausa a Pataskum sukan ci karo da tambayar gaɓa. Gaɓa ita ce yankin kalma da ake furtawa a bugu ɗaya: baƙi da wasali, gajere ko dogo, ko baƙi, wasali, baƙi. Pa-tas-kum gaɓa uku ke nan.

Harɗaɗɗiyar kalma kuwa, wato kalmomin da aka haɗa suka zama kalma ɗaya, ta fi gaɓa wuyar sha'ani. A hana-salla, sunan wata hula, muryar "hana" ƙasa take yi, karan ɗori kuma ke nuna kalma ɗaya ce. A harshen Norway ma haka: røykfritt na nufin ba a shan taba, in aka raba shi, røyk fritt, ya koma izinin sha. Masu rubuta allunan shaguna da masu karanta labarai a rediyo abin ya fi shafa.