Ciwon Tabon Jijiya: Mafarinsa, Alamominsa, da Yadda Likita Ke Gane Shi

Akwai wata cuta mai kama ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani, wadda halinta ya sha bamban da na sauran cututtuka. Ta kan zo ta taɓa wani wuri a jiki, ta lafa, har mai ita ya yi zaton ya warke. Bayan watanni ko shekaru ta sake ɓullowa ta wani wuri dabam. A takardun asibiti likitoci kan rubuta sunanta da haruffa biyu, MS, ma'anar cikakken sunan kuwa ita ce tabo mai tauri a wurare da yawa. Saboda haka a cikin wannan takarda an kira ta ciwon tabon jijiya.

Cutar ba ta da yawa a ƙasar Hausa, ƙarancin nata kuwa shi ya sa a ke jahiltarta. Mai ita ya kan yi shekara da shekaru yana yawo daga wannan mai magani zuwa wancan, dukiya ta ƙare, wani lokaci har a zargi kishiya ko maƙwabci da sammu, magana ta kai gaban Hakimi. An shirya wannan bayani domin Hakimai da malamansu su san alamun cutar, su kuma san irin taimakon da ke hannunsu.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN JIKI

Ƙwaƙwalwa ita ce fadar jiki. Daga gare ta umurni ke fita zuwa hannu da ƙafa, gare ta kuma labarin gani da zafi da sanyi ke komowa. Saƙo yana bi ta laka, watau farar igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, da kuma jijiyoyin ji da motsi, waɗanda dabam su ke da jijiyoyin jini. Yawancin waɗannan jijiyoyi suna sanye da riga ta wani irin kitse mai suna mayalin, kamar yadda a ke naɗe wayar lantarki da roba. Rigar ce ke ba saƙo sauri, har a manyan jijiyoyi ya kan ci mita 100 cikin daƙiƙa ɗaya.

Jiki kuma yana da dogaransa, su ne fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta. A wannan ciwo dogaran ne ke kuskure. Su kan ƙetare daga jini su shiga ƙwaƙwalwa da laka, su far wa mayalin kamar sun ga abokin gāba. Wurin ya kumbura, rigar ta zaizaye, saƙo ya yi jinkiri ko ya yanke. In kumburin ya sauka jiki ya kan yi wa rigar faci, shi ya sa mai ciwo ke samun sauƙi. Amma faci ba ya zama kamar asali, tabo ya kan saura. In abin ya yawaita jijiyar kanta ta kan mutu, wadda ta mutu a ƙwaƙwalwa ko laka kuwa ba ta komowa.

Wanda ya fara bayyana cutar sosai wani likitan Faransa ne, Jean-Martin Charcot, a birnin Faris cikin 1868. Shi ya gwama alamun da ya gani ga marasa lafiya da tabon da ya samu a ƙwaƙwalwarsu bayan sun rasu.

MAFARIN CUTAR

Bisa ga ƙidayar 2020, masu wannan cuta a duniya sun kai kimanin miliyan 2.8. Ta fi farawa tsakanin shekara 20 da 40, mata kuma sun ninka maza sau 2, a wasu ƙasashe har sau 3. Abubuwa ne da dama su ke haɗuwa kafin ta kama mutum.

1. Ƙwayar cutar Epstein-Barr. Wannan ƙwaya ta yau a ke ɗaukarta, kuma cikin manya 10 fiye da 9 suna ɗauke da ita ba su sani ba. Cikin 2022 masana na Jami'ar Harvard suka bayyana binciken da suka yi bisa sojojin Amurka fiye da miliyan 10, suka ga haɗarin kamuwa da ciwon tabon jijiya ya kan ninka sau 32 bayan mutum ya ɗauki ƙwayar. Duk da haka ƙalilan ne ƙwarai cikin masu ɗauke da ita ciwon ke kamawa.

2. Gado. An gano wurare fiye da 200 cikin ƙwayoyin gado da ke ƙara haɗari, amma cutar ba ta bin zuriya kai tsaye. Cikin 'yan'uwan masu ita na ciki ɗaya, 2 zuwa 4 ne bisa 100 ke kamuwa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ta kama ɗaya, kusan sau 1 cikin 4 ne ta ke kama ɗayan.

3. Ƙarancin rana. Cutar ta fi yawa a ƙasashen sanyi kamar Kanada da Sikotlan da Suwidin, ta yi ƙaranci a ƙasashe masu zafi. Hasken rana ke sa fata ta yi bitamin D, ƙarancinsa kuwa yana ƙara haɗari.

4. Shan taba, da ƙiba mai yawa tun ƙuruciya. Taba kuma tana hanzarta cutar ga wanda ya riga ya kamu.

Ciwon kansa ba ya yaɗuwa. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare, ko kwana ɗaki ɗaya, ko aure, saboda haka babu dalilin keɓe mai shi.

ALAMOMI

Alama tana bin wurin da tabo ya faɗa, shi ya sa da wuya a sami mutum biyu masu alamu iri ɗaya. Ga waɗanda aka fi gani.

Ido. Ganin ido ɗaya ya dushe cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki, ido ya riƙa zafi in an juya shi, jan abu ya koma kamar ya koɗe. Wani kuwa abu ɗaya ya riƙa ganinsa biyu.

Ji. Hannu ko ƙafa ko ɓarin fuska ya sage, ko a ji kamar tururuwa na yawo a fata, ko kamar an ɗaure ƙirji da ɗamara. Wani in ya sunkuyar da kai sai ya ji kamar lantarki ya bi gadon bayansa.

Motsi. Ƙafa ta yi nauyi ko ta sandare, a riƙa janta. Tafiya ta zama tangaɗi har jama'a su zaci maye ne, hannu ya riƙa rawa in an miƙa za a ɗauki kofi, ga jiri da harɗewar magana.

Fitsari. Ya riƙa matsowa farat ɗaya, ko ya ƙi fita duka. Akwai kuma taurin bayan gida da rauni wajen sha'anin aure, waɗanda kunya ke sa a ɓoye, alhali likita yana bukatar jinsu.

Gajiya. Kasala mai tsanani wadda barci ba ya kawarwa, da mantuwa, da ƙuncin rai. Sau da yawa a kan ɗauki wannan lalaci ne, a yi wa mara lafiya faɗa bisa zalunci.

Zafi yana tsananta alamun, kamar yadda likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya bayyana cikin 1890. Wanda ya tashi garau da asuba ya kan kasa tafiya da azahar a tsakiyar bazara, ko sa'ad da zazzaɓi ya rufe shi. In jiki ya huce ya koma yadda ya ke.

Kimanin 85 bisa 100 na masu cutar da tashi da lafawa su ke farawa: alama ta yi kwanaki ko makonni, sa'an nan ta ragu ko ta ɓace. A nan ruɗu ya ke, domin duk maganin da aka sha kafin lafawar shi a kan yaba, alhali cutar tana nan kwance. Bayan shekaru wasunsu ciwon ya kan koma ci gaba ba lafawa. Sauran 10 zuwa 15 bisa 100 kuwa tun farko a hankali ciwon ke cinsu, galibi ta ƙafafu.

YADDA LIKITA KE GANEWA

Babu gwaji guda da ke yanke hukunci shi kaɗai. Abin da likita ke nema shi ne shaidar cewa cutar ta taɓa wurare dabam-dabam na ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani, cewa kuma abu ne mai maimaituwa, sa'an nan ya tabbata ba wata cuta ce mai kama da ita ba. Ƙa'idodin da a ke bi, masu sunan McDonald, an kafa su cikin 2001, an yi ta gyara su, har da gyaran 2017 da na 2024.

Na farko shi ne labarin ciwo. Likita zai tambayi yaushe ido ya dushe, kwana nawa ya yi, yaushe ƙafa ta biyo baya. Tashin da a ke lissafawa shi ne wanda ya kai sa'a 24 ba tare da zazzaɓi ba.

Na biyu duban jiki. Ya kan buga gwiwa da 'yar gudumar roba, ya karci tafin ƙafa, ya leƙa cikin ido da fitila, ya sa mara lafiya ya taɓa hancinsa da yatsa, ya kuma dubi tafiyarsa.

Na uku hoton na'urar maganaɗisu da a ke kira MRI, wadda aka fara duba wannan cuta da ita cikin 1981. Ita ke nuna tabon ƙuru-ƙuru, har wanda bai ba da alama ba. In aka yi wa mutum allurar wani ruwa kafin hoton, sabon tabo ya kan fita dabam da tsoho, ta haka a kan iya tabbatar da cutar tun tashin farko.

Na huɗu ɗibar ruwan laka da allura ta ƙasan baya, irin wadda a ke yi wa mai sanƙarau, don a nemi alamar yaƙin da dogaran jiki ke yi a ciki. Akwai kuma gwajin saurin saƙo a jijiyar gani, da gwajin jini.

CUTUTTUKA MASU KAMA DA ITA

A ƙasar nan waɗannan sun fi ta yawa, lalle kuwa a fara kawar da su. Shan inna yara ƙanana ya fi kamawa, ƙafa ta saki ta shanye, ba ya tafiya ya dawo. Shanyewar ɓarin jiki cikin mintoci ta ke faɗawa, galibi ga manya masu hawan jini, kuma ba ta jiran gobe, asibiti a ke nufa nan take. Tarin fuka na ƙashin baya yana zuwa da ciwon baya da rama da zazzaɓi, wani lokaci da ƙusumbi. Kuturta tana sage jiki, amma da tabo a fata. Tunjere da ƙanjamau da ƙarancin bitamin B12 duk su kan taɓa laka, jini kuwa ke nuna su.

Akwai kuma wata 'yar'uwarta da likitoci ke rubutawa NMO, mai far wa jijiyar gani da laka da ƙarfi, wadda ta fi kama baƙar fata bisa Turawa. Cikin 2004 aka gano alamarta a jini. Rarrabe su wajibi ne, domin wasu magungunan ciwon tabon jijiya suna tsananta ta.

ABIN DA KE KAN HAKIMI DA MALAMINSA

Akwai maganin da ke gajarta tashin ciwo. Tun 1993 kuma aka fara samun magungunan da ke rage yawan tashin da jinkirta nakasa, yanzu sun fi iri 10. Ba su tumɓuke cutar, ba su kuma komo da jijiyar da ta mutu, saboda haka amfaninsu yana ga farawa da wuri. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

1. In labari ya zo na matashi ko matar da gani ko tafiya ke ɗauke mata yana komowa, Hakimi ya sa dangi su kai ta asibiti, ko da ta sami sauƙi a lokacin.

2. Malamin Hakimi ya zauna da mai ciwon da danginsa, da yardarsa, ya rubuta kowace alama: wane wuri ta taɓa, wace shekara da wata, kwana nawa ta yi, ko da zazzaɓi ko babu. In an manta wata, a auna da Salla ko damina ko girbi. A ba mai ciwon takardar ya riƙe, a ƙara bisanta duk sa'ad da sabon abu ya faru. Asirin da ke cikinta amana ne.

3. A nemi takardar turawa daga asibitin gunduma zuwa inda likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya su ke, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika kusa da Zariya.

4. Yaron da bai kai shekara 15 ba, in hannu ko ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a sanar da ma'aikatan lafiya a ranar, saboda tsaron shan inna.

5. Dagatai da masu unguwa su hana zargin sammu da guje wa mara lafiya, su kuma ja hankalin mazan da ke niyyar sakin matansu saboda wannan lalura. Masu cutar suna aure, suna haihuwa, da yawansu kuma suna ci gaba da sana'arsu shekaru masu yawa.

Likita na ganin mara lafiya sa'a guda, alhali cutar ta yi shekaru tana zuwa tana komawa. Takardar da malamin Hakimi ya rubuta da kyau ita za ta nuna masa abin da ya wuce bai gani ba. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ƙara wa ƙasa lafiya, amin.