Gyaran Kwanciyar Injin Jirgin Ruwa

Darasinmu na yau na masunta ne da masu fito a kogin Isa, daga Yamai har Gaya.

Wurin da aka ɗaura inji a bayan jirgi, akwai ƙarfe mai ƙofofi huɗu ko biyar, da ƙusa guda. Ƙusar nan ita ke tsaida kwanciyar inji.

In ƙusa tana dab da jirgi, gaban jirgi zai danne ruwa, gudu ya ragu, mai ya ƙare a banza. In ta yi nisa, gaba zai ɗaga sama, jirgi ya riƙa tsalle, farfela ta sha iska.

To, ku fara da ƙofar tsakiya. Ƙafar inji ta tsaya tsaye cikin ruwa. In kaya sun yi nauyi a baya, ku matso da ƙusa ƙofa guda wajen jirgi. Kada ku taɓa ƙusa sai kun kashe inji.

Da bazara kogi yana janyewa. Ku ɗaga inji kaɗan, ku tafi sannu, kada farfela ta bugi rairai. Amma ku lura, ruwan sanyaya inji ya riƙa fitowa. In ya tsaya, ku kashe nan take, kada inji ya ƙone.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.