Daga Kano Zuwa Head Bridge: Shirin Tafiyar Mako Guda Cikin Hunturu

Da zarar an kawar da amfanin gona, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa, sai mutanen Arewa da dama su shiga ɗaure kaya domin leƙa 'yan uwansu mazauna Kurmi. Wani ɗansa zai gano a Anaca, wani bashi zai bi a Fatakwal, wani kuwa buɗe ido kawai ya fitar da shi. Abin da yakan gagari yawancinsu shi ne lissafin kwanaki. Nijeriya ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 923,768, saboda haka wanda yake da mako guda tak, tilas ya zaɓi wuraren da zai taka, ya haƙura da saura.

Hunturu yana da daɗin tafiya, domin hanya ta bushe. Wanda ya tuna da ambaliyar 2022, lokacin da ruwa ya datse hanyar Lakwaja har manyan motoci suka yi kwanaki a jere, ya san darajar wannan. Amma hazo yakan rufe hanya da asuba, yakan kuma hana jiragen sama sauka a Kano. Sai kuma sha'anin Kirsimati. Daga tsakiyar Disamba mutanen Gabas sukan ɗunguma zuwa gida, kuɗin mota ya hau, hanya ta cushe. A farkon Janairu kuma su juyo. Mai dabara yakan tashi a ƙarshen Nuwamba, ko ya jira sai tsakiyar Janairu.

Kwana biyu ya kamata a ware wa zuwa. Ranar farko a bi ta Zariya da Kaduna a kwana Abuja. Kashegari a sauka Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, a ƙetare ta Ajaokuta, a bi Obollo Afor zuwa mahaɗar Ninth Mile, daga nan a karkata zuwa Anaca. Direbobi da yawa suna haɗe tafiyar nan a dare ɗaya, amma baƙo bai kamata ya kwaikwaye su ba.

A Anaca ne ya fi dacewa a daɗe. Head Bridge, wato bakin gada, ya samo sunansa daga gadar Kwara wadda kamfanin Dumez na Faransa ya gama a 1965. An karya ta lokacin yaƙin basasa, aka gyara bayan an ajiye makamai. Shekara fiye da 50 ita kaɗai ce ke haɗa Anaca da Asaba, sai a 2023 aka yi bikin buɗe gada ta biyu, wadda ta rage cunkoso. A gindin tsohuwar gadar nan ne kasuwanni suke jere, nan kuma Hausawa suke da zama da masallaci, suna hada-hadar kayan gwari da dabbobi da sauran kayan Arewa. Al'ada ce mai kyau baƙo ya fara gaida Sarkin Hausawa ko wakilinsa kafin ya shiga gari. Daga bakinsu zai ji hanyar da ke da lafiya a wannan mako, labarin da babu taswirar da za ta ba shi.

Daga Anaca a bi ta Owerri zuwa Fatakwal, a kwana ɗaya. Sa'an nan a hau babbar hanya zuwa Inugu, a tsaya a kasuwar shanu ta Lokpanta in da hali. Inugu gari ne da kwal ya kafa, aka ja masa layin dogo daga Fatakwal a 1916, kuma magajin garinsa na farko, cikin shekarun 1950, Malam Umaru Altine ne, mutumin ƙasar Sakkwato. Komawa gida sai ta Makurɗi da Lafiya da Jos, inda sanyi zai tuna wa matafiyi amfanin bargon da ya yi ta ɗauka a banza a Fatakwal.

Akwai abu biyu da ba a wasa da su. Na farko ranar Litinin: tun Agustan 2021 aka shiga tilasta wa jama'a zaman gida a wannan rana a jihohin Gabas, aka yi shekaru ana haka, don haka a tambayi mazauna wurin kafin a sa tafiya a cikinta. Na biyu kuwa kayan da ake ɗauka. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an tare motarsu an ga bindigogin farauta. Matafiyi ya riƙe katin shaidarsa, ya shiga mota a tasha inda ake rubuta sunayen fasinja, ya bar duk wani makami a gida, ya kuma sanar da mai masaukinsa na gaba lokacin da ya taso.